Gyaran da Na Yi Mata a Ajin La'asar

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a makarantar sakandaren 'yan mata a Anka lokacin da maganar gubar dalma ta cika gari. Ni 'yar Gummi ce. Mahaifina malamin allo ne, kuma a cikin 'ya'yansa mata ni kaɗai ya bari na yi boko har na kai kwalejin horar da malamai. Turanci na karanta, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi. A gidanmu idan takarda ta zo daga asibiti ko daga sakatariya, ni ake jira in dawo in karanta. Wannan jiran ya shiga kaina tun da wuri, har na saba da ganin cewa kafin mutum ya gama magana na riga na san inda ya dosa.

A wancan lokacin yara suna ta rasuwa a ƙauyukan da ake haƙar zinari. Maza kan ɗebo dutse daga rami su kawo cikin gida, a fasa, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke wasa da rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen sai da likitoci suka zo suka gwada jinin yaran. Aka ware wani ɓangare a asibiti, aka riƙa kawo yara da iyayensu mata suna kwanaki ana ba su magani. A ƙauyukan kuma aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, aka roƙi mutane kada su sake shigo da dutse inda iyali suke.

Maƙwabciyata nas ce a wannan ɓangaren. Wata rana ta shigo wurina ina gyaran littattafan ɗalibai, ta ce wasu daga cikin likitocin baƙi ne, ba sa jin Hausa, kuma an ɗauki mata shida 'yan gari su taimaka da kula da yaran. Ana so a koya musu ɗan Turancin aiki, yadda za su iya cewa yaro ya yi amai, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi shan magani. Kwana biyu a mako, bayan la'asar. Ban yi dogon tunani ba na amsa.

Aka ba mu wani ɗaki a bayan ɗakin ajiyar magunguna, da benci uku da allon da aka jingina a bango. Na koyar da su yadda aka koyar da ni. Da zarar mace ta buɗe baki ta yi kuskure, sai in tsayar da ita, in faɗi daidai, ta maimaita, sannan ta ci gaba idan ba ta manta abin da take son faɗi ba. Sau da yawa kuma mantawa take yi. Ni a wurina wannan shi ne aiki. Kunnena ya saba farautar kuskure, kamar yadda mai tsince shinkafa ba ta ganin komai a faifai sai tsakuwa.

A mako na uku ne na lura da wata mata tana tsayawa a bakin ƙofa da goyo a baya. Ba ta cikin ma'aikata. Doguwa ce, siririya, za ta girme ni da kaɗan. Ranar farko na ɗauka ɓata hanya ta yi. Rana ta biyu sai ta yi sallama ta ce, "Malama, in babu laifi in zauna daga baya? Ba ni yin surutu."

Na tambaye ta ko ta yi makaranta. Ta ce ta yi firamare ba ta gama ba, amma ta sauke Alƙur'ani a wurin mahaifinta, wanda shi ne limamin ƙauyensu, can wajen Bagega. Babbar 'yarta mai shekara huɗu ce aka kwantar, ta bayanta kuma ko yaye ba a yi ba. Na ce me za ta yi da Turanci.

Ta ce, "In likita ya yi magana mai tsawo, tafinta shi kan ba ni kalma biyu. Sauran nike son in ji."

Na yi dariya na ce ta shigo.

Ba ta da littafi, sai na yaga mata 'yan takardu daga nawa. Da na leƙa abin da take rubutawa sai na ga da ajami take kama kalmomin Turancin, daga dama zuwa hagu, da wasula a sama da ƙasa, yadda kunnenta ya ji su. Cikin mako biyu ta wuce duk matan shida. Ba ta da saurin baki, amma abin da ta ji sau ɗaya ba ya kuɓuce mata. Matsalarta guda ce, kuma ita ce matsalar kowane Bahaushe mai koyo. A Turanci kalmar aiki tana sauya kama idan abu ya riga ya wuce, ita kuwa takan bar ta yadda take, ko jiya abin ya faru ko yau. Na sha tsayar da ita a kan wannan, har ya zama da ta fara jimla ina jiran wurin da za ta yi tuntuɓe.

Da 'yarta ta samu sauƙi aka sallame su, suka koma ƙauye. An riga an sauya ƙasar gidansu. Amma ana dawo da yarinyar gwajin jini lokaci lokaci, kuma duk ranar da zuwansu ya dace da ranar aji, sai ta tsaya a yi da ita kafin ta nemi ɗan kabu-kabun da zai mayar da su.

A tsakanin nan ne shugabar ɓangaren, wata Baturiya dattijuwa mai furfura, ta aiko mini da wasu takardu ta hannun maƙwabciyata. Bayani ne a kan yadda ake sauraron uwar mara lafiya. Ka dube ta. Kada ka katse ta. Idan ta gama, ka maimaita mata abin da ka fahimta, ka tambaye ta ko haka take nufi. Na fassara musu, na rubuta a allo, na sa suka haddace, har na raba su biyu biyu suka gwada. Darasin ya yi kyau ƙwarai. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa da ni ma ake ba.

Damina ta yi nisa sai aka ce Baturiyar tana so ta zo ta ga yadda ajin ke tafiya. Na gaya wa matan mako guda kafin ranar, na ce kowace ta shirya magana ta minti biyu a kan gidansu. Matar Bagega tana nan a ranar. Da aka tashi ta tsaya ta tambaye ni, "Ita da kanta za ta zo? Ta zauna ta saurare mu?"

Na ce eh.

"Ba tafinta?"

Na ce ai amfanin abin ke nan, ku yi magana da bakinku.

Ta ce, "To, in Allah Ya so ina zuwa."

Na san ba ta da gwaji a wannan makon. Na san kuma halin hanyarsu da damina, inda mashin kan kafe a taɓo sai fasinja ya sauka ya taka. Da na gan ta ranar, ƙafafunta da gefen zaninta duk laka, sai na ji daɗi, na ce a raina ga wadda ta san darajar ilimi. Ba goyo a bayanta. Na lura da haka, ban tambaya ba. Hankalina yana kan allon da na goge sau biyu da kujerar da na aro wa baƙuwa.

Baturiyar ta zo ta zauna a gefe da ɗan littafinta a cinya. Matan shida suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mijina ɗan kasuwa ne, ina da 'ya'ya uku, muna da awaki. Na ɗan gyara nan da can. Na ajiye matar Bagega a ƙarshe da gangan, don a tashi da abin da ya fi kyau.

Ta miƙe, ba ta dubi takarda ba, kuma ba ni ta duba ba. Baturiyar ta fuskanta. Ta fara da kyau, a hankali, kowace kalma a wurinta. Ta faɗi ƙauyensu, ta ce gidansu babba ne, mijinta da ƙannensa biyu duk a ciki suke. Sannan ta ce ƙanin mijinta yana kawo dutse cikin gida.

Nan take na ɗaga hannu. Kowa ya san an daina shigo da dutse, an sauya ƙasa, an yi wa'azi a masallatai. Abin da na ji kawai shi ne tsohon kuskurenta ya dawo, kuma a gaban baƙuwa. Na ba ta kalmar da ke nuna abu ya wuce, na ce ta maimaita.

Ta juyo ta dube ni. Ta sake faɗin tata, yadda ta faɗa da farko.

Na tashi na je allo na rubuta kalmomin biyu, na ja layi a ƙarƙashin tawa, na yi bayani da Turanci mai daɗi, rabi don ita, rabi don mai furfurar da ke zaune. Na ce ta sake. Ta maimaita tawa da ƙaramar murya.

Ta ci gaba. Ta ce suna niƙa shi a bayan ɗakinta. Na sake tsayar da ita, na mayar mata da shi abin da ya wuce. Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya. Matar Bagega ta riƙe gefen hijabinta, ta ce 'yarta tana amai, ba ta cin abinci, ba ta wasa.

Wannan karon ban ma tsaya ga gyara kaɗai ba. Na juya ga Baturiyar na ƙarasa mata zancen. Na ce 'yarta ta yi rashin lafiya, a nan aka kwantar da ita, amma yanzu ta warke, kuma tun daga lokacin uwar ta dage da koyon Turanci. Baturiyar ta yi murmushi, ta ce ta tuna yarinyar, ta yi murna da jin ta samu lafiya, ta yaba wa matar a kan ƙoƙarinta.

Matar ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta ce ta gode, da Turanci, ta zauna.

Da aka tashi, ina tattara alli ina sauri in raka baƙuwa, ta matso kusa da ni ta ce, "Malama, ba jiya nike nufi ba."

Na dafa kafaɗarta na ce, "Na sani, wurin nan yana da wuya, kowa sai ya sha fama da shi. Ki yi ta maimaitawa a gida, zai zauna." Na wuce. A bakin ƙofa Baturiyar ta riƙe hannuna tana gaya mini yadda ajin ya burge ta, ni kuma ina ta sunkuyar da kai irin na mai kunya. Ta gefen idona na ga matar ta fita tana duban sama, hadari ya haɗu a gabas. Na koma gida ranar ina jin daɗin kaina.

Bayan kamar mako biyu, da yamma, maƙwabciyata ta dawo daga aiki ta tsaya a ƙofar ɗakina ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce, "Ɗalibarki ta Bagega tana asibiti. Ƙaramar ce aka kawo tana jijjiga tun a hanya. Dalmar da ke jininta ta yi yawa ƙwarai."

Na ce ai an sauya ƙasar gidansu.

Ta ce, "An sauya. Sun mayar da dutse ciki."

Jimlolin nan uku suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, yadda ta faɗe su, ba yadda na gyara su ba. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsu.

Da safe kafin in tafi makaranta na biya asibiti. Na same ta zaune a bakin gado, yarinyar tana kwance an sa mata ruwa a hannu, idanunta a buɗe amma ba ta duban komai. Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har ta matsa mini wuri. Na yi mata ya mai jiki.

Abin da ya kamata in faɗa a sarari yake, amma ba shi ya fito daga bakina ba. Cewa na yi, "Yaya, me ya sa ba ki faɗa mini da Hausa ba?"

Ta gyara wa yarinyar zani kafin ta amsa. Ta ce, "Tafintan da ke nan ɗan garinmu ne, tare suke zuwa rami da ƙanin maigidana. In na faɗa ta bakinshi, kafin in kai gida magana ta riga ni. Cikin matan ajinki kuma akwai wadda ƙanwarta ke aure a unguwarmu. Sai na ce in na faɗa cikin darasi, ita Baturiyar ta ji da kunnenta, su zo kamar sun zo duba gida. In an tambaye ni, in ce karatu ne munka yi."

Na ce me ya hana ta kawo yarinyar tun ranar.

"Mutanen gida sun ce haƙori ne take fiddawa. Sun ce in na kai ta aka gwada, za a zo a kwashe musu dutse. Ajinki kawai aka bari in zo, shi ma don Malam ya sa baki." Mahaifinta take nufi. Sannan ta ce, "Kwana shida ina shirya maganar nan, Malama. Ina daka ina biya ta. Na san yadda ake faɗin abin da ya wuce, ke kika koya mini. Da gangan na bar shi."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni da fushi ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna kaɗan, na ce Allah Ya ba ta lafiya, na tashi na tafi makaranta na koyar da darasi huɗu. Har yau ban san me na faɗa wa yaran ba.

Da rana na koma na nemi Baturiyar na gaya mata komai. Wannan ne karo na farko da Turancina ya riƙa sarƙewa a bakina. Ba ta katse ni ba har na gama. Sannan ta ce in sake faɗa mata abin da matar ta ce, kalma da kalma. Na faɗa. Ta cire tabaronta ta riƙe a hannu, ta ce ita ma ta ga fuskar matar ba ta yi kama da ta mai ba da labarin abin da ya wuce ba, amma ta ɗauka ni na fi ta sanin ɗalibata. Ta ce da ta sani da ta tambaya. Ta ce kuma babu likitan da zai iya rantsewa cewa mako biyun nan da sun canja wani abu, ko da yake da an so a samu yarinyar da wuri.

Washegari ma'aikatan asibiti suka tafi ƙauyen tare da mai gari. Suka tarar da buhuna a jibge a bayan ɗakin matar, an rufe da tabarma, da ƙaramin injin niƙa. Ƙanin mijin ba mugu ba ne. An sace masa buhuna sau biyu a bakin rami, shi ya sa ya ga gara ya ajiye a gida, kuma a ganinsa tun da a bayan ɗaki ne ba a tsakar gida ba, babu abin da zai faru. Aka fitar da su, aka sake kankare wurin. Na ji an ce mijin ya yi wata guda ba ya yi mata magana, sai da liman ya tara su.

Yarinyar ta rayu. Amma da aka sallame su ba ta gani, kuma ƙafafun da ta fara tsayawa da su tana dafa bango ba su sake ɗaukarta ba.

Maƙwabciyata ta yi ta ba ni baki. Ta ce ƙaddara ce, ta ce ba ni na kai dutse gidan ba, ba ni na hana a kawo yarinya ba. Duk gaskiya ne. Na yarda da ƙaddara, a gidan malamai na tashi. Amma na san mace ta taka laka ta zo da magana a bakinta, ta faɗe ta daidai har sau uku, ni kuma na tsaya tsakaninta da wadda za ta taimake ta, don kawai a ce ajina ya iya Turanci.

Da aka yi hutu na je Gummi na gaya wa mahaifina. Yana zaune a zaure yana gyara alƙalamin kara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, "Kin roƙe ta gafara?"

Na ce na je na duba su a asibiti.

Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Na ce ban roƙa ba.

Ya ce, "To ki koma ki roƙa. Ba wurina za ki kawo ba, ba ni kika yi wa ba."

Na ce to. Na kuma yi niyya da gaske. Amma da na koma Anka sai na ce bari damina ta wuce hanya ta bushe. Da ta bushe sai jarrabawa ta zo. Matar takan kawo yarinyar asibiti, na sani, domin maƙwabciyata takan gaya mini, amma ba ta sake leƙowa ajin ba, ni kuma sai in sami dalilin da zai hana ni zagayawa ta ɓangaren a ranar. Ajin ma bai daɗe ba aka rufe shi, matan sun samu abin da suke buƙata. Daga baya na yi aure, aka mayar da ni Bukkuyum. Sannan hanyoyin ƙauyukan suka lalace da 'yan bindiga, ya zama ko mai dalili ba ya bin su sai dole. Na samu uzurin da ya fi duk na baya ƙarfi, na riƙe shi shekaru.

Koyarwata ta sauya, ba zan ce ba ta sauya ba. Na daina tsayar da yarinya a tsakiyar jimla. Nakan bari ta kai ƙarshe, in tambaye ta abin da take nufi, gyara ya biyo baya. Wasu malamai suna ganin sakaci ne. Amma wannan duk ɗaliban da suka zo daga baya ne suka amfana. Ita matar Bagega ba ta samu komai a ciki ba.

Shekara kusan tara bayan haka, ranar kasuwar Bukkuyum, ina layin masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na ji an ce, "Malama." Na juya. Ta rame, fuskarta ta faɗa, amma ita ce. Tana zaune a kan 'yar kujera da kwalaben mai a gabanta.

Na durƙusa muka gaisa. Ta ce sun baro ƙauye shekara biyu ke nan, bayan an shiga an kore musu dabbobi har sau biyu. Liman ya rasu kafin su taso. Suna zaune a gidan wani ɗan'uwan mijinta a bayan tasha, ɗaki ɗaya. Babbar 'yar tana makaranta. Ta ba ni labarin tasowarsu tun daga farko, da wanda ya ɗauki ƙaramar a kafaɗa, da inda suka kwana a hanya. Mutane suna ture ni suna wucewa, ƙafafuna suka yi tsami, ban tashi ba.

Da ta kai ƙarshe na ce, "Yaya, akwai abin da ya kamata in faɗa tun a asibiti ban faɗa ba. Na cuce ki ranar nan. Don Allah ki yafe mini."

Ta dubi kwalaben. Ta ce, "Na yi fushi da ke, Malama, ba ni ɓoye miki. Shekara guda ko fiye. Takardun nan da kika yaga mini, a murhu na sa su. Amma na fi fushi da kaina. Ɗiyata na mutuwa ni ina lissafin wa zai ji, wa zai kai magana. Da na tsaya tsakiyar asibiti na faɗa da Hausa kowa ya ji, mi za a yi mini wanda ya kai wanga?" Ta share ido da bakin hijabi. "Na yafe miki. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Wani ya tsaya yana tambayar mai, ta juya ta auna masa. Da ya tafi ta kwatanta mini gidan, ta ce in na samu sarari in zo in ga yarinyar.

Na je ranar Juma'a bayan an sauko. Na sami yarinyar a kan tabarma a inuwar ɗaki, an yi mata kitso, ta yi tsawo, ƙafafunta sirara a naɗe a gefe. Ba ta magana sai 'yan kalmomi, amma tana gane mutanen gidan da takunsu. Da ta ji baƙuwar murya sai ta miƙo hannu. Uwar ta ce, "Ba ta hannunki, haka take gaisuwa." Na ba ta. Ta shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta kai ga agogon da ke wuyan hannuna, ta tsaya a kansa tana juya shi. Uwar ta shiga ɗaki ta kawo mini ruwa a kofi, ta zauna kusa da mu tana ɓarar gyaɗa. Yarinyar ba ta saki hannuna ba har aka kira la'asar, sai da hagu na karɓi ruwan na sha.